Yadda Ake Kaɗa Zaren Ulu da Hannu Don Saƙa

Da zarar hunturu ya kunno kai a Kaduna, masu saƙa ba sa samun sukuni. Wannan na son hular jariri da safa, waccan na son rigar sanyi ta ɗan makaranta kafin a koma hutu. Sai a nufi Kasuwar Gumi ko Kasuwar Barci a sayo ulu kala-kala. Mafi yawan ulun nan da muke saye bai taɓa hawa jikin tunkiya ba, zaren roba ne da ake sarrafawa daga sinadaran man fetur. Ban raina shi ba, yana da arha, ba ya wahalar wanki, kuma shi ya rufa wa da yawanmu asiri. Sai dai ulun gaskiya wani abu ne daban. Yana riƙe ɗumi ko da ya ɗan sha raɓa, yana tsotse gumi ba tare da jiki ya yi danshi ba, kuma ba ya saurin kama wuta, abin da ke da muhimmanci a gidan da ake jin ɗumi da gawayi.

Mai son irin wannan zare tana iya kaɗa abinta da hannunta, kuma aikin ba baƙo ba ne a wurinmu. Kakanninmu sun gurza auduga sun fitar da angurya, sun shiɓe ta da baka, sun yi sutu, sun kaɗa zare da abawa a mazari, masaƙa suka saƙa, marina suka rina. Garin nan kuwa da masaƙu ya yi suna. A 1957 aka buɗe Kaduna Textiles a Kakuri, wasu suka biyo baya, irin su Arewa Textiles da United Nigerian Textiles (UNTL). Inji ya karɓe aikin daga hannun mata, sannan a shekarun 2000 masaƙun suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya, aka wayi gari ba inji, ba mazari. Amma har gobe akwai tsofaffi a unguwanninmu da hannunsu bai manta ba. Hannun da ya iya kaɗa auduga kuwa, ulu ba zai gagare shi ba, don silin auduga bai cika wuce santimita 2 zuwa 3 ba, na ulu kuma yakan kai 7 zuwa 15. Dogon sili ya fi saurin riƙe ɗan'uwansa.

Inda za ki samu gashin

Kada ki wahalar da kanki zuwa Zango ko bin mahauta bayan Babbar Sallah don tara gashin rago. Tumakinmu, Yankasa da Uda da Balami, gashi gare su irin na akuya: gajere ne, mai tauri, mai santsi, ba shi da lanƙwasar nan da ke sa sili ya sarƙe da sili. Allah Ya yi su ne don ƙasar zafi. Ko kin matsa kin kaɗa shi, zaren zai riƙa zubar da gashi yana soke fata. A Afirka ta Yamma, wurin da ya shahara da tumaki masu ulu shi ne yankin Masina na ƙasar Mali, inda Fulani ke kaɗa shi ana saƙa barguna masu kauri. Ulun da ke yawo a kasuwannin duniya kuwa, yawancin mai laushinsa daga Ostireliya da Niyuzilan da Afirka ta Kudu yake fitowa.

Saboda haka hanya mafi sauƙi ita ce ki sayi wanda aka riga aka wanke aka taje, wanda ke zuwa a doguwar igiya mai laushi da ba a murɗa ba. A intanet da sunan roving za ki neme shi, ko ki yi saƙo wurin wani mai zuwa waje. Gram 100 ya isa farawa. Idan kina da zaɓi, ki fara da na tumakin Corriedale, silinsa dogo ne kuma ba ya zillewa. Merino ya fi shi laushi nesa ba kusa ba, amma gajere ne, mai santsi, yana gudu a hannun sabon shiga. Ki bar shi zuwa karo na biyu ko na uku.

Akwai kuma hanyar da ba ta buƙatar jiran saƙo. A cikin dilolin gwanjo na Kasuwar Barci ana dacewa da rigunan sanyi na ulu zalla. Ki duba takardar da ke wuya ko gefen rigar, ki kuma duba ɗinkin gefe: idan an yanka saƙar ne aka bi bakin da keke, zaren zai fito guntu-guntu, ki bar ta. Wadda aka haɗa ɓangarorinta ba yanka ita ake warwarewa. Zaren da za ki samu siriri ne, sai ki haɗa biyu ko uku ki tufke a mazari. Ba kaɗi ba ne cikakke, amma yana koya wa hannu juya mazari, kuma kin samu ulun gaskiya a kuɗi kaɗan.

Ko daga ina ya fito, ki gwada shi. Ki ciri ɗan kaɗan ki kusanta shi da ashana a kan faranti. Ulun gaskiya zai yi warin babbaka, wutar ta mutu da kanta, abin da ya rage ya murmushe tsakanin yatsu. Na roba narkewa yake yi, ya dunƙule ya yi tauri, ga warin leda.

Mazari

Mazarin gargajiya siririn tsinke ne da gululu na yumɓu a ƙasa. Ba shi da nauyi, a ƙasa ake kafa shi yana juyawa a kan 'yar fata ko cikin ɗan ƙoƙo, don auduga ba ta jure a rataya mata nauyi. Idan kin same shi, ki adana, yana kaɗa siririn ulu da kyau. Amma zaren saƙa yana son kauri, don haka mazarin da ake ratayawa ya fi dacewa, kuma a gida za ki haɗa shi.

Ki samu sanda miƙaƙƙiya sumul, tsawon santimita 30, kauri kamar na biro ko ya ɗan fi. Ki samu tsofaffin faifan CD guda biyu ki manne su. Ramin faifan ya fi sandar faɗi, sai ki naɗa salatif ko yankin robar tayar keke a jikin sandar, wajen santimita 5 daga sama, har faifan ya shiga da ƙyar ya zauna daram. A kan sandar ki murɗa 'yar ƙaramar ƙugiya mai gindin ƙusa mai murɗi, irin wadda ake rataya labule ko kofi, ki tabbata ta zauna a tsakiya. Sannan ki ɗan tsaga bakin faifan wuri ɗaya, inda zare zai riƙa maƙalewa. Idan kin fi son na katako, kafinta a Panteka zai yanka miki kewayayyen katako mai faɗin santimita 7 ya huda tsakiyarsa. Ki roƙe shi ya goge komai da sanfefa, don ƙaramin tsini ma kama gashi yake yi. Nauyin duka ya tsaya tsakanin gram 30 da 50. Wanda ya fi haka zai riƙa tsinka miki zare, wanda bai kai ba kuma ba ya daɗewa yana juyi.

Ki rataya shi da zare ki juya ki gani. Idan yana tangaɗi sosai, ko ramin bai zauna a tsakiya ba, ko ƙugiyar ta karkace. A gyara tun yanzu.

Idan ɗanyen gashi ya zo hannunki

Wadda ta sayi wanda aka riga aka taje sai ta tsallake nan. Ɗanyen gashi yana zuwa da maiƙo, da ƙasa, da ƙaya, da kashi, kuma bayan wanki yakan rasa kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa, wani ma rabi. Kada ki karɓi gashin dabbar da ta mutu da kanta ko wadda ba a san lafiyarta ba. Cutar antaraks tana bin gashi da fata ta kama mutum, kuma a 2023 an tabbatar da ɓullarta a wata gona a yankin Suleja, a kan hanyar Abuja zuwa Kaduna. Ki sa safar hannu, ki yi aikin a waje.

Ki baza shi ki cire ƙazanta da guntayen da ba su kai tsawon gaɓar yatsa ba. Ki zuba ruwan zafi a bokiti, zafin da hannu ba zai iya daɗewa a ciki ba, wajen digiri 60, ki sa sabulun ruwa na wanke-wanke ki gauraya ba tare da tayar da kumfa ba. Sai ki ɗora gashin a kai ki danna shi a hankali ya nutse. Ki bar shi minti 15 zuwa 20. Kada ki cuɗa, kada ki murza, kada ki juya da muciya. Zafi da sabulu da cuɗa idan suka haɗu, silin ulu yana sarƙewa ya cure kamar kan da ya shekara bai ga mataji ba, kuma ba abin da zai warware shi. Ki tsamo shi tun ruwan bai huce ba, don maiƙon na komawa jikinsa idan ya yi sanyi. Ki maimaita sau ɗaya ko biyu, sannan ki ɗauraye da ruwa mai irin wannan zafin. Daga zafi zuwa sanyi kai tsaye ma yana curar da shi. Bilic yana cinye ulu, kanwa da soda da garin sabulun wanki mai ƙarfi kuma suna sa shi kaushi, duk ki nisanta su. Ki shanya a inuwa a kan raga ko tsohon gidan sauro.

Idan ya bushe sarai, sai taza. Bakan shiɓa na auduga ne. Ulu ana taje shi da allo biyu masu ƙananan haƙoran waya, kuma buroshin taje kare ko kyanwa da ake samu a shagunan magungunan dabbobi yana yin aikin, ki sayi guda biyu. Ki ɗora gashi kaɗan a kan ɗaya, ki shafa ɗayan a kai sama-sama, ba tare da haƙoran sun cije juna ba. Ki riƙa mayar da shi daga wannan zuwa wancan har ya buɗe ya zama ba dunƙule. Sai ki ɗaga shi ki naɗe ya zama sutu mai kaurin yatsu biyu. Ki tara su da yawa a faifai kafin ki zauna kaɗi.

Kaɗin kansa

Kafin komai, ki auna gashinki ki raba shi biyu daidai, gram 50 nan, gram 50 can. Za ki ga amfanin haka a wurin tufka.

Ki kama bakin gashin ki zaro 'yan sili kaɗan ki duba tsawonsu. Wannan tsawon shi zai gaya miki tazarar da za ki bari tsakanin hannayenki. Idan hannayen sun matso kusa fiye da tsawon silin, kin kama kai da wutsiyar sili ɗaya ke nan, ko kin ja da ƙarfin tsiya ba zai motsa ba. Ki ɗan ƙara tazara, za ki ji yana zamewa da kansa. Ki tsaya a nan ki yi ta ja kina ji a hannunki, ba mazari, har ki gane inda gashin ke sakin jiki da inda yake rabuwa gaba ɗaya. Mintunan nan ba asara ba ne, rabin kaɗi ke nan.

Daga nan ki ciri kamu ɗaya na igiyar gashin, da hannu, ba da almakashi ba. Ki tsaga ta a tsaye zuwa kaurin babban yatsa, ki bi ta kina ɗan ja kaɗan-kaɗan don ta saki. Ki naɗa jelar a wuyan hannun hagu don kada ta lilo ta shiga zaren da ke juyawa.

Ki yanko ulun kasuwa kamar santimita 60 ya zama jagora. Ki ɗaure shi tamau a jikin sanda ƙarƙashin faifan, ki haura da shi ta tsagar bakin faifan, ki maƙala a ƙugiya, ki yi ɗan zobe a ƙarshensa. Ki zura bakin gashin cikin zoben ki lanƙwaso shi ya koma kan kansa.

Yanzu ki zauna a kujera, za ki raba aikin gida biyu, juyi daban, ja daban. Da babban yatsa da manuniya na hagu ki tsuke daidai wurin da gashi ya haɗu da jagora. Da dama ki kama sandar ta ƙasa ki murza ta ta juya yadda hannun agogo ke tafiya. Ki bar ta ta yi ta juyi har jagoran ya cika da murɗi ya fara neman ƙudundunewa. Ki tsayar da mazarin ki matse shi tsakanin gwiwoyinki. Hannun dama ya hau ya karɓi tsukewar daga na hagu. Hagu kuma ya ja gashin baya a hankali, kamar tsawon yatsa, har ya sirance zuwa kaurin da kike so, sannan ya tsuke a sabon wuri. Sai ki saki yatsun dama kina shafa su sama. Za ki ga murɗin ya ruga cikin gashin ya mayar da shi zare nan take, ya tsaya cak inda hagu ya tare shi. Dama ta sake karɓa, hagu ya sake ja, haka har murɗin ya yi sanyi. Sai ki sake juya mazarin.

Doka ɗaya ce ke riƙe da aikin nan duka: murɗi ba ya wuce yatsunki ya shiga gashin da ba ki ja ba. Tsakanin zaren da ya kaɗu da tulin gashin akwai wani ɗan wuri mai kusurwa uku inda silin ke bazuwa. Idonki ya zauna a nan. Adadin silin da kika bari suka shiga wurin shi ne kaurin zarenki. Idan murɗi ya tsallaka ya kama tulin, komai zai ƙulle, ki ja ki ja ya ƙi. Ba sai kin tsinka ba, ki matse mazarin a gwiwa, ki murza wurin da yatsu ta ɓangaren da zai warware, ki ja, ki ci gaba.

Na taɓa kai wa wata tsohuwa a Tudun Wada irin wannan gashin, mutuniyar ƙasar Zazzau da ta tashi cikin kaɗin auduga. Na ce, "Inna, taɓa mini wannan ki ji." Ta zaro sili ta ɗaga shi wajen haske, ta murza a cinyarta, kafin in zauna har ta fitar da zare kamu guda ba mazari. Sai ta miƙo mini ta ce in ja ta gani. Tana kallon hannuna na hagu ta kama shi ta ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya. "'Yar nan, kin shaƙe shi. Riƙewa ake yi, ba damƙa ba." Nata hannun kuwa, gashin kwance yake a tafinsa kawai, ƙananan yatsu biyu sun ɗan rufa a kai, babban yatsa da manuniya ne kaɗai ke aiki, suna buɗewa suna rufewa. Idan akwai irin wannan tsohuwa a gidanku ko maƙwabta, ki ɗauki goro ki je ki zauna kusa da ita. Abin da za ta gyara miki a zama ɗaya, bidiyo ba zai gani a hannunki ba balle ya gyara.

Idan zaren ya kai tsawon da hannu ba zai ƙara miƙewa ba, ki cire shi daga ƙugiya, kina riƙe da shi a miƙe don kada ya harɗe, ki naɗe shi a jikin sanda ƙarƙashin faifan. Ki juya sandar ta ɓangaren da kike kaɗi. Ki fi tara shi kusa da faifan yana sirancewa zuwa ƙasa. Ki bar kamar taƙi ɗaya, ki mayar ta tsaga zuwa ƙugiya.

Zare zai tsinke, mazari zai faɗi, wannan dole ne, shi ya sa ake zama a kan tabarma ko darduma. Ba a ƙulla shi. Ki warware bakin da ya tsinke har ya koma gashi, ki ɗora shi a kan sabon gashi su haɗu kamar tsawon yatsa, ki ja su tare, ki bar murɗi ya shiga. Haka ake yi kuma idan sutu ya ƙare za a ɗauki wani. Zaren da ya zame ya rabu a hankali, murɗi ne bai ishe shi ba. Wanda ya tsinke da ƙara kuwa, ko murɗi ya yi yawa, ko wurin ya sirance ƙwarai. Murɗi yana son taruwa a siririn wuri ya guje wa mai kauri, shi ya sa za ki ga kumburi laɓo-laɓo a wani wuri, kusa da shi kuma zare ya yi tauri. Ki kama kumburin ta gefe biyu, tazarar ta fi tsawon sili, ki ɗan warware, ki ja a hankali ya daidaita.

Don ki san ko murɗin ya yi, ki zaro kamu ɗaya na sabon zare ki bar shi ya naɗe kansa gida biyu. Idan ya kwanta lumui, da laushi, ya yi. Idan ya yi ƙulle-ƙulle da tauri, ki rage juyi. Idan ya ƙi naɗewa sosai, ki ƙara. Wanda ya yi miki kyau ki yanke ki ƙulla bakinsa ki ajiye kusa, shi ne ma'auninki har ki gama.

Wani abu game da yanayinmu. Masu kaɗin auduga suna shafa alli a yatsa, amma ulu ba ya buƙata. Abin da ke damunsa a hunturu bushewar iska ce: gashin ya riƙa tashi yana manne wa zani, kaushin hannu kuma yana kama shi. Ki shafa man kaɗanya kaɗan ki bari ya shiga fata kafin ki fara, gashin kuma ki ɗan fesa masa ruwa sama-sama. Da safe ko bayan la'asar ya fi daɗin aiki, minti 15 ko 20 kullum ya fi a kwashe yini guda sau ɗaya a wata. Ki riƙa sauke kafaɗa, kada ki ɗaga hannu sama da kai.

Ranar da kika lura hannayenki sun fara ja tun mazarin bai tsaya ba, to ki miƙe tsaye ki bar shi yana lilo yana juyi kina ja. Abin lura kawai, idan ƙarfinsa ya ƙare zai fara juyawa baya yana warware aikinki. Ki riƙa kai masa hannu kafin ya kai ga haka.

Tufka

Zare guda ɗaya yana saƙuwa, amma yakan sa saƙa ta karkace gefe, kuma bai kai tufkakke ƙwari ba. Idan kin gama gram 50 na farko, ki kwance shi daga mazari ki dunƙula a kan ɗan kwali ko ƙwallon takarda, da ɗan tauri. Ki kaɗa rabi na biyu ta wannan ɓangaren dai, ki dunƙula shi daban. Ki bar su su kwana, murɗin zai lafa su daina harɗewa.

Ki sa kowane dunƙule a kwanonsa, ki ajiye su a ƙasa ta gefenki da 'yar tazara. Ki haɗa bakunan biyu ki ɗaura a jagora. Wannan karon mazarin baya zai juya, saɓanin hannun agogo. Idan kika manta kika juya yadda kika saba, zaren ba zai haɗu ba, sai dai ya ƙara tauri ya cukurkuɗe. Ki sa yatsa ɗaya tsakanin zaruruwan biyu don su shigo da ja iri ɗaya, kada ɗaya ya miƙe ɗayan ya riƙa naɗe shi. Ki zaro kamu biyu, ki bar murɗi ya shiga, ki gwada da ma'aunin nan da kika ajiye, ki naɗe. Tufka tana sauri, kuma tana ɓoye aibi da yawa, don siririn wuri a wannan yakan faɗa kan mai kauri a wancan. Kada ki damu idan tufkakken ya riƙa murɗewa da kansa a yanzu. Murɗin farko barci ya yi da ya kwana, ruwa ne zai tashe shi su daidaita.

Ki kwance zaren daga mazari kina zagaya shi a bayan kujera, ko tsakanin tafin hannu da gwiwar hannu, ya zama ƙawanya. Ki auna zagaye ɗaya da tef ɗin tela, ki ƙirga zagayen, ki ninka, kin san tsawon zarenki ke nan. Ki rubuta. Kafin ki zare shi ki ɗaure wuri huɗu da guntun zare, sako-sako. Ki jiƙa shi a ruwan ɗumi da ɗigon sabulun ruwa ko shamfu na minti 20, ki ɗauraye da ruwa mai irin ɗumin, ki naɗe a tawul ki danna, ba matsa da murɗawa ba. Ki zura hannayenki biyu cikin ƙawanyar ki fizga waje sau uku ko huɗu, ki rataya a inuwa. Kada ki ɗaura masa dutse don ya miƙe, zaren saƙa yana son tsallensa, kuma wanda aka miƙar da nauyi zai koma ya tsuke ranar da aka wanke rigar. A hunturu cikin ɗaki ya fi, saboda ƙura. Zai bushe ya kumbura ya fi yadda kika san shi kauri.

Sai bayan nan za ki zaɓi kibiya. Ki naɗa zaren a jikin rula, zagaye kusa da zagaye ba matsi, ki ƙirga nawa suka cika inci ɗaya. Idan 11 ko 12 ne, ki fara gwada kibiya mai milimita 4. Idan 9 ne, mai 5. Idan 7 ne ko ƙasa, mai 6 zuwa sama, kuma zaren farko yawanci nan yake faɗawa. Ki saƙa ɗan gwaji mai faɗin santimita 10, ki wanke, ki ƙirga ɗinki nawa ke ciki kafin ki ɗora aiki. Idan da ƙwarashi kike saƙa, ki lura, a hannun wasu yana ɗan warware irin wannan tufkar, sai ki ƙara mata murɗi kaɗan.

Gram 100 yakan fitar da hular babba. Da ita nake ba da shawara a fara, ko ɗan mayafin wuya, don rashin daidaiton zaren ado yake zama a jikinsu. Kayan jariri ki dakata sai kin kai ga Merino, kuma ko shi ki goga zaren a wuyanki tukuna, idan ya soke ki to ba na jariri ba ne. Idan ƙawanya biyu gare ki kuma kaurinsu ya ɗan bambanta, ki riƙa saƙa layi biyu da wannan, layi biyu da waccan.

Ulun gaskiya abincin asu ne, musamman wanda ke da gumi ko maiƙo. Idan sanyi ya wuce, ki wanke kayan da hannu a ruwa mai ɗan ɗumi, ki shimfiɗa su a kwance su bushe sarai, ki sa a roba mai murfi ko jaka mai zif tare da kafur da aka ƙulle a ƙyalle. Daminar Kaduna tana da danshi, don haka wajen Agusta ki buɗe ki duba, ki baza su su sha iska a ranar da gari ya washe. Ragowar gashin da ba ki kaɗa ba shi ma haka, amma kada ki danne shi da kaya masu nauyi, yana curewa ya yi wuyar ja.